Manhajar da Ba Ta da Oga

Asabar, bayan la'asar

An sassauta dokar hana fita, an ba mu daga safe zuwa yamma mu zama mutane. Daga Tumfure zuwa Bolari, duk shingen da muka iso sai mu sauka daga keke, mu ɗaga hannu, mu taka da ƙafa, mu sake hawa a gaba. Mai keken ya ce yanzu rabin sana'arsa jiran fasinja ne su gama nuna ba su da laifi.

Kwaleji a rufe take tun bam ɗin da ya tashi a tasha, don haka ajin Asabar ne kawai ya rage mini na malanta. Muna yin sa a bayan shagon Udochukwu mai gyaran kwamfuta, tsakanin matattun firintoci. Ya ba ni wurin ne bisa sharaɗin kada in riƙa gaya wa kwastomominsa cewa akwai abin da ake samu kyauta a duniya.

Yau mun yi baƙo: Muhammad Nur, malamin lissafi daga Bama. Ya iso Gombe da mahaifiyarsa da matarsa da wata tsohuwar laftof da ya ce ita ya ɗauka maimakon jakar tufafi. So yake ya riƙa buga wa mutane takardu da ita a unguwar Malam Inna, ya samu na cefane. Sai dai kafin ta gama farkawa, mutum ya yi alwala ya yi salla ya dawo. Windows ɗin cikinta na kwafe ne, bairos ya yi masa kaca-kaca.

Saboda shi na maimaita darasin farko. Manhajar aiki ita ce babbar da ke tashi da kwamfuta, ta raba wa ƙananan manhajoji wuri da lokaci. Na saba kwatanta ta da 'yan kamasho a tasha, masu faɗin wace mota ce a layi. Na fara, na ga fuskokinsu, na koma misalin kicin. Na ce wadda aka saba da ita kamar miyar gidan abinci ce: ka saya, ka sha, amma ba za ka leƙa tukunya ba. Linux kuwa an kafe yadda ake haɗa ta a bakin ƙofa. Kowa ya karanta, ya rage gishiri in yana so, ya koya wa maƙwabcinsa, ba mai kai shi kotu.

Udochukwu ya ɗago daga cikin wata kwamfuta da ya farke. “Malama Lami, abin kyauta ba shi da garanti. In ya lalace, wa za a kama wa riga?”

Na ce, “Na kwafen da kake sa wa mutane fa, wa ake kama wa riga?”

“Ni mana! Shi ya sa suke dawowa.”

Linux iri-iri ce. Na zaɓa wa Muhammad Nur mara nauyi, Lubuntu, wadda aka yi don tsofaffin injuna. Na sa masa abin buga takardu, da na lissafi, da na shiga intanet, da na kallon bidiyo. Ba sayen lasisi, kuma bairos ɗin da ke yawo a filas-filas ɗin kwamfuta na Bolari ba ya cin ta. Na kuma cire hoton da ke rufe allo lokacin da take farkawa, kamar yadda nake yi wa duk ɗalibaina. Ina son su ga abin da inji yake yi: baƙin allo, farin rubutu yana gudu, tana duba sassanta ɗaya bayan ɗaya. Ya tsura mata ido, ya ce, “Wannan ta fi ɗalibaina, tana nuna yadda ta samo amsa.”

Mutumin ya kwanta mini a rai nan take.

Talata, da azahar

Yagana, matar Muhammad Nur, ta kira. Tun jiya bai koma gida ba.

Talata, gabanin magariba

Udochukwu ya ji labarinsa daga bakin mai shayin da ke kusa da wani shinge. Ƙa'idar wurin ita ce duk mai laftof ya ajiye ta a ƙasa, ya buɗe, ya kunna, don a tabbatar kwamfuta ce ba wani abu ba. Sun saba da abin da suke gani: tagar nan mai launi huɗu, ɗan kiɗan nan, sai a ce wuce. Ta Muhammad Nur ta kawo baƙin allo, rubutu yana zuba kamar ana ƙirga wani abu. Mai shayin ya ce kowa ya watse, har masu bindigar. Shi kaɗai ya rage a tsaye, yana ɗaga musu hannu yana cewa, “Ku jira, yanzu za ta gama.”

Ba maganar da ya kamata mutumin Bama mai gemu ya yi a bakin shinge ba ke nan.

Sun tafi da shi, da ita.

Laraba, da safe

Na yi wanki. Na goge kayan da na goge shekaranjiya.

Alhamis, bayan la'asar

Na je Malam Inna. Ɗaki biyu suke haya a bayan gidan wani mahauci. Ba kujera, ba gado, amma turaren wuta ya kama har bango. Yagana ta shimfiɗa mini tabarma ta koma bakin ƙofa tana kallon titi. Mahaifiyarsa, Ya Aisa, ta gaishe ni har sai da gaisuwa ta ƙare, ta tambayi iyayena da gajiyar hanya da zafin gari. Na so a ce ta zage ni.

Sai ta ce, “'Yata, abin da kika sa masa a cikin akwatin nan, haram ne?”

“A'a, Ya Aisa.”

“Na sata ne?”

“A'a. Wanda na cire ne na sata.”

“Zai kashe mutum?”

“Takarda kawai yake bugawa.”

Ta gyara mayafinta. “To ai magana ta ƙare. Je ki gaya musu. Ni ban iya faɗinsa ba, shi kuma ba za su ji daga bakinsa ba.”

Yadda ta faɗa, kamar aike ne zuwa kasuwa. Na ce to.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Yayana Hamma Yuguda ya ji. A gidansa nake, don haka yana da ikon yi mini huɗuba ta biyu a rana ɗaya.

“Lami, digirinki bai kai can ba. Ke kika sa abin nan a ciki. In kika je, ba bayani kika kai ba, kanki kika kai.”

Na ce na sani.

“In kin sani fa?”

Na ce abincinsa zai huce. Ya dube ni irin kallon da yake mini tun muna yara, lokacin da nake kwance rediyonsa in ga mai magana. Da yamma ya turo mini lambar Bernard, abokin karatuna a jami'a, wanda ya zama lauya. Lambar kawai.

Lahadi

Ba labari.

Litinin, da hantsi

Bernard ya gano inda yake. Ba zan rubuta sunan wurin ba. Yana raye. Bernard ya ce a wannan makon wannan ma labari ne mai daɗi, in karɓe shi haka. Zai nema mana ganin wanda ke riƙe da maganar.

Na fara tsara abin da zan faɗa. Ya yi kyau ƙwarai. Da a taron ƙara wa juna sani ne, da an tafa.

Alhamis, da yamma

Mun je. A tsakar gidan, can nesa da kowa, akwai bokiti cike da yashi, gefen laftof ɗin Muhammad Nur ya leƙo daga ciki. Mun yi zaman benci har inuwa ta bar mu. Bernard ya ce, “Abin da aka tambaye ki kawai za ki amsa.” Na ce ni ce malama a nan.

Hafsan ba tsoho ba ne. Idanunsa ja na rashin barci, Hausarsa ta bariki. Bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba.

“Madam, wane kamfani ne ya yi abin nan?”

“Ba kamfani ɗaya ba ne, yallaɓai. Wani ɗalibi ne ya fara ta a Finland, sai mutane suka yi ta ƙarawa.”

“Waɗanne mutane?”

“Dubbai ne, a ƙasashe daban-daban. Yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba, ta intanet suke haɗuwa.”

“Wa yake biyan su?”

“Wasu akwai kamfanonin da ke biyan su. Da yawa kuwa don sun yarda da abin ne kawai suke yi.”

“Sun yarda da abin.” Ya rubuta. “Yaya take shigowa Gombe?”

“Hannu da hannu, a filas. Duk wanda ya samu yana iya ba wani.”

“Ke kina da mutum nawa?”

“Ɗalibai ne, yallaɓai.”

“A ina kuke haɗuwa?”

“A bayan wani shago...” Bernard ya taka mini ƙafa.

“Waye ogan abin gaba ɗaya?”

“Ba ta da oga.”

Sai a lokacin na saurari kaina da kunnensa. Na tsaya a gaban mutumin da aikinsa farautar waɗanda ba a san fuskarsu ba, na zayyana masa wata ƙungiya mara shugaba, mai mutane a ko'ina, masu aiki don aƙida, masu raba kaya a ɓoye a bayan shago. Kuma na yi shi da kyakkyawar Hausa.

Ya rufe biro. “Kin taimaka sosai, Madam. Kada ki bar gari.”

A keke, da muka kusa rabuwa, Bernard ya juyo. Ya ce, “Lami, na taɓa ganin mai shaida ya nutsar da wanda ake ƙara. Ban taɓa ganin ya kama shi sun nutse tare ba.”

Juma'a

Yagana ta kira. Na ce ana kan magana. Gaskiya ne, ai an yi magana.

Asabar, da azahar

Mutum biyu suka zo aji. Na mayar da hoton farkawa a kan duk kwamfutocin. Ba wanda ya tambaye ni dalili.

Udochukwu ya kwashe fayafayensa na kwafe ya kai gida, ko da za a zo. Ya ce, “Malama, shekara da shekaru ina sayar da na sata, ko ɗan sanda bai taɓa leƙo ni ba. Ke kin kawo na halal wata ɗaya, ga shi ina barci da takalmi.” Na ce in yana so in daina zuwa. Ya ce, “Wa ya ce haka? Zauna, kina tare mini haske.” Ya saya mini lemo mai sanyi.

Lahadi, da sassafe

Na yi wanki.

Akwai abin da ke dawo mini tun ranar Alhamis. A ofishin hafsan, a kan kabad, akwai wata laftof sabuwa fil, an ɗora mata filas ɗin shayi da kofi. Ba wanda yake mayar da kwamfuta mai rai faranti. Kuma ba wanda yake ajiye matacciya kusa da shi haka sai in akwai abin da yake so a cikinta.

Na kira Bernard. Ya ce yana coci. Na ce in jira a layi ko in sake kira?

Talata, bayan la'asar

Bernard ya tambayo. Laftof ɗin hafsan ta daina tashi tun suna can gabas. Duk mai gyaran da aka kai wa sai ya ce sai an yi fomatin, komai na ciki ya tafi. Shi kuma ya ce kada a taɓa.

Ba sai an yi fomatin ba. Wannan yana cikin abubuwan da na fi so game da Linux: tana iya tashi daga filas kai tsaye, ba tare da an girka ta ba. Ta ari jikin kwamfutar, ta buɗe rumbunta, ka kwashi abin da kake so, ka zare filas, ta tafi ba ta bar sawu ba. In dai rumbun bai mutu ba.

Bernard ya ce, “In ya mutu fa? Ko hoto ɗaya ya ɓace a hannunki? Kin san gefen wa za a ajiye ki?”

Na ce to aƙalla zan samu wanda zan yi hirar lissafi da shi. Bai yi dariya ba. Ya ce zai nemi rana.

Laraba zuwa Juma'a

Kullum ina Bolari. Udochukwu ya fito mini da duk gawarwakin shagonsa, ina tashin su ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun tashi, wasu sun ƙi. Duk wadda ta ƙi sai ya ce, “Allah ya ji ƙan Malama.” Duk wadda ta tashi sai ya matso yana kallon hannuna. Jiya na kama shi yana kwafar filas ɗina. Na ce ai sata ce. Ya ce, “Ke kika ce ba a iya satar ta.”

An ji ƙara daga wajen gari ranar Alhamis. Mun rufe shago muka zauna a ƙasa har ta lafa. Ina da kwamfuta a cinya, na ci gaba.

Lahadi

Hamma Yuguda ya ce shi zai kai ni gobe da motarsa. Wai keke ba ta da tabbas.

Litinin, gabanin magariba

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Bokitin yana nan. Hafsan ya sauke filas ɗin shayin da kansa, ya goge murfin laftof ɗin da hannun rigarsa, ya ajiye a gabana. Wani mai bindiga ya tsaya a bakin ƙofa.

Na ce, “Yallaɓai, abin da zan kunna shi ne ainihin abin da ke cikin waccan ta bokiti. Za ka ga abin da yaranka suka gani.” Na bar baƙin allon da gangan. In bai gan shi a kan tasa ba, zuwan banza na yi.

Na soka filas, na kunna. Allo ya yi baƙi, rubutu ya fara zuba. Na ji ƙarar ƙarfe daga bakin ƙofa, ban waiga ba. Na sa yatsa a kan allon ina karantawa kamar mai koyar da 'yan firamare.

“Nan tana gaida kibod. Nan tana tambayar batir ko ya kwana lafiya. Nan ta ga rumbu. Nan tana neman intanet, ba ta samu ba, ta haƙura.”

Sai ta tsaya. Layi ɗaya, ɗan fari yana ƙyaftawa. Ban san tsawon lokacin ba. Na san dai Bernard yana kallon silin kamar an rubuta doka a can.

Sai shuɗin allo ya kawo.

Na buɗe rumbun. Komai yana nan. Na juya masa ita, na ce ni ba zan buɗe kayansa ba, ya danna da kansa. Ya daɗe yana neman inda zai sa yatsa. Daga inda nake ina hango gefen allon: wata mata da jariri a rana irin ta suna. Jaririn a kwance. Jaririn a zaune. Daga nan wasu maza cikin kaki, sun rungumi kafaɗun juna suna dariya a gaban mota. A kan wannan ya tsaya. Ya sa babban yatsa yana bin fuskokin ɗaya bayan ɗaya, a kan wasu yana daɗewa.



Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Za su fita?”

“In akwai inda za a zuba su.”

Ya aika aka kawo wani filas. Muka zauna muna kallon kore yana cika a hankali. Da ya gama na kashe, na zare nawa, na ce, “Ta tafi. Ba ta taɓa maka komai ba.” Na so in ƙara cewa wayar da ke aljihunsa ma a kan Linux aka gina ta, haka yawancin injunan da ke riƙe da intanet. Na dubi ƙafar Bernard, na yi shiru. Ina koyo.

Hafsan ya ce, “Har yanzu ba ki gaya mini oganta ba.”

“Ba ta da shi, yallaɓai.”

Ya murza idanunsa. “Ta huta.”

Shi ke nan. Bai yi alkawarin komai ba. Ya ce mu tafi.

Talata

Ba labari.

Laraba

Ba labari. Ba abin wankewa a gidan nan kuma.

Alhamis, da azahar

Yagana ta kira. Ban gane abin da take faɗa ba, da Barbarci take yi, tana kuka. Sai na ji muryar Ya Aisa a bayanta tana ba da umarnin a ɗora ruwan zafi.

Juma'a, bayan la'asar

Na je Malam Inna. Yana zaune a tabarma ya jingina da bango. An aske masa kai da gemu, rigarsa ta yi masa yawa. In zai gyara zama sai ya dafa ƙasa da hannu biyu. Ban tambaya ba, bai faɗa ba. Laftof ɗin ba su bayar ba. Ya ce ko sun bayar, yashi ya gama da ita.

Ya gaishe ni doguwar gaisuwa, ya tambayi aji, ya tambayi Udochukwu. Na tanadi maganganu a hanya, masu kyau, wasu har da ban dariya. Ko ɗaya ba ta fito ba. Ya Aisa ta turo mini shayi, ta ce, “Sha, 'yata, kin yi aike.”

Da na tashi tafiya ya ce, “Malama, a ɗakin da na baro akwai wani dattijo, Joda, daga wajen Dukku. Shi kuma da abin gwajin sukari aka kama shi. Ɗan ƙaramin inji ne mai nuna lamba, da allura a jiki. Ya yi ta faɗa musu, Hausarsa ba ta isa ba. Ƙafarsa ta fara kumbura.”

Na ce ni ban san komai game da ciwon sukari ba.

Ya ce, “Na sani. Na ga dai ke kin san ƙofar.”

Juma'a, gabanin magariba

Maƙwabciyarmu Juliana nas ce, kuma tana da irin injin. Na roƙe ta ta raka ni can, ta ce ba inda za ta, tana da yara. Na ce na gane. Na zauna a falonta, ban tashi ba.

Ta tambaya wane irin kaya ake sawa in za a je.